Yadda babba zai koyi nahawun wani yare har ya zauna masa a baki

Akwai mutane da yawa da suka haddace dokokin nahawu tsaf, a takarda ba ka kama su, amma da an ce su yi magana sai harshe ya sarƙe. Abin nan yana damuna sosai, don wasu daga nan suke cewa wai sun tsufa da koyo, alhali hanyar ce aka kuskure.

Da farko dai ka cika kunnenka da yaren, amma wanda kake gane mafi yawansa, ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan kawai. Abin da Stephen Krashen, wani masanin koyon harsuna, ya dage a kai kenan tun shekarun 1980.

Sai dai sauraro kaɗai ba ya isa, dole ka riƙa lura. Wani masanin harshe, Richard Schmidt, lokacin da yake koyon Fotigis a Brazil yana rubuta abin da yake ji, sai ya gane cewa galibi abin da ya lura da shi a bakin mutane shi ne yake fitowa a nasa bakin. To ka ɗauki doka ɗaya tak a sati ka yi ta farautarta a duk abin da ka ji ko ka karanta. Misali Faransanci, mu a Hausa rana mace ce wata kuma namiji, su kuwa akasin haka ne, le soleil (rana) namiji ne, la lune (wata) kuma mace, kuma kanka zai yi ta janka zuwa na Hausa ba tare da ka sani ba, shi ya sa kar ka haddace kalma ita kaɗai, haɗa ta da le (na namiji) ko la (na mace) ɗinta tun ranar farko.

Daga nan sai ka buɗe baki. A 1985 wata masaniyar koyon harsuna, Merrill Swain, ta nuna ɗalibai a Kanada da suka yi shekaru ana koyar da su da Faransanci, suna ji sarai amma nahawun maganarsu da gyara, saboda ba a matsa musu su yi magana ba. Kullum ka haɗa jimla biyar da dokar satin, ka tura wa wanda ya iya ta saƙon murya, ka roƙe shi ya gyara maka kar ya ji nauyinka.

Wasu dokokin fa sai a hankali. Ƙaramar s ɗin nan ta "she goes" a Turanci cikin minti biyu za a bayyana maka ita, amma tana cikin na ƙarshe da suke zama a baki. In ta kuɓuce maka kana magana, maimaita jimlar daidai nan take ka ci gaba da hirarka.