Yadda ake bin sawun buƙata ɗaya a sabar Node.js

Duk wanda ya rubuta manhajar biyan kuɗi domin 'yan kasuwar Muda Lawal a Bauchi ya san yadda buƙatu ke tururuwa zuwa saba (kwamfutar da ke amsa su) da hantsi. Node.js kuwa, manhajar da ke tafiyar da yaren JavaScript a saba, da zare ɗaya take aiki, wato abu ɗaya a lokaci guda, saboda haka da zarar buƙatar wani ta tsaya jiran amsar banki ko ta rumbun bayanai, sai ta koma kan ta wani. Idan ka ajiye lambar mai ciniki a ma'aji ɗaya da kowane aiki ke taɓawa, buƙata ta biyu za ta goge ta farko, rajistar da saba ke rubuta ayyukanta ta jingina kuɗin wani ga wani, kuma a harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganin shi ne AsyncLocalStorage, ma'ajin da ke ware wa kowace buƙata bayananta, da ke cikin sashen node:async_hooks, wanda ya shigo a Node.js siga ta 13.10, aka tabbatar da shi a 16.4. Ka ƙirƙiri guda ɗaya tak lokacin da saba ke tashi. Duk buƙatar da ta shigo, ka ba ta lambarta tun daga ƙofa, sannan ka kira umarninsa na run da wannan lamba tare da aikin da zai kula da buƙatar. Daga nan duk inda aikin ya nufa, ko bayan await (jiran amsa) ko cikin setTimeout (aikin da aka jinkirta), umarninsa na getStore zai dawo maka da lambar, kamar katin asibiti da ke bin majiyyaci daga ɗakin likita har wurin karɓar magani. Na fi son run a kan enterWith, ɗaya umarnin ajiye lambar, domin run yana da iyaka bayyananniya, shi kuwa enterWith yakan bar lambar ta tsallaka zuwa ayyukan da ba nata ba.

Inda lambar ta fi ɓacewa shi ne wurin tsofaffin manhajojin haɗi da rumbun bayanai, waɗanda ke tara ayyuka a layi su kira su daga baya. A nan getStore zai ba ka undefined, wato babu komai, ko, abin da ya fi muni, lambar wata buƙatar dabam. Ka naɗe irin wannan aiki da AsyncResource.bind, wanda ke ɗaure shi da lambar buƙatarsa, kafin ka miƙa shi. 

Kafin ka ɗora manhajar, ka aika buƙatu masu yawa a lokaci guda, ka jinkirta wasu da gangan, sannan ka duba rajista layi bayan layi ka tabbatar kowane yana ɗauke da lambar buƙatarsa.