Yadda nake narkar da daskararren kusu kafin in ba mesata

Mu a Sakkwato kusu muke ce masa, mutanen Kano su ce ɓera. Ko da wane suna ka kira shi, shi ne tuwon ƙaramar mesar da nake kiwo a ɗakin zaurena a Mabera, shekara 4 ke nan. Ba babbar mesar nan ba ce mai haɗiye akuya. Ƙanwarta ce, wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma in ta tsorata sai ta cusa kai a tsakiya ta naɗe jikinta tamau. Shi ya sa yaran gida suka raɗa mata Gammo. 'Yar yankinmu ce ta Afirka ta Yamma, daga Ghana da Togo da Benin ake yawan kwasar irinta zuwa Turai da Amurka.

Duk wanda ya ji ina sayen ɓera sai ya yi dariya, ya ce ga su nan suna tsere a silin, ban da tarko ne? Kada ka kuskura. Rabin unguwa na zuba maganin ɓera, wanda ya ci guba jiya ya faɗa tarkonka yau, gubar na nan cikinsa, ita za ka miƙa wa macijinka. Ga tsutsar ciki. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Ni fararen ɓeraye nake saye wurin wani mai kiwonsu don ɗaliban kimiyya, da sharaɗi biyu: waɗanda ba a taɓa yi wa gwaji ko allura ba, kuma ba da magani aka kashe su ba. Mai rai kuwa ba na ba ta. Ɓera na da haƙori, in maciji bai ji yunwa ba, ɓeran na iya kwana yana gaigayar bayansa.

Ranar da na fara shigowa da su gida, na nufi firizar kicin da leda a hannu, uwargida ta tare ƙofa.

"Malam, mi ka ɗauko?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Wallahi wanga abu ba ya kwana inda nake aje nama."

Ta fi ni gaskiya. Mushe ne, najasa ne, babu dalilin haɗa shi da abincin mutane. Ban da wannan, hanjin ɓera na iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kuma ƙanƙara ba ta kashe ta, barci kawai take sa ta. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi sawun wata ɓarkewar cutar har zuwa daskararrun ɓerayen da ake sayar wa masu kiwon macizai. Don haka na sayi 'yar ƙaramar firiza ta hannu na ajiye a zaure. Kowane ɓera ledarsa daban, in rubuta kwanan wata da nauyinsa, in cika sauran wurin da gorunan ruwa. Gorunan nan su ne garkuwata in an ɗauke wuta: sun daskare, suna riƙe sanyin, muddin ba a buɗe murfin ba. In wutar ta yi dogon zango har na tarar cikin ɓerayen ya yi laushi, ba na jayayya da su, binne su nake yi. Wanda ya haura wata 6 ma ba na son ba ta.

Kafin ka ciro, duba girma. Kaurin ɓeran kada ya wuce inda macijin ya fi kauri a jikinsa. In kana da sikelin kicin, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin macijin ya isa ga mai tasowa, babba ma bai buƙatar haka.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata aikin. Narkarwa daban, ɗumamawa daban. Aiki biyu ne, da sanyi ake yin na farko, da ɗumi ake yin na biyu, kuma wanda ya haɗa su don sauri shi zai sha wari.

In kana da firij ɗin da ba na abinci ba, sa ɓeran cikin roba mai murfi tun daren jiya, zuwa yammacin yau ya saki. Wannan ita ce hanya mafi tsafta. Amma yawancinmu ba mu da firij biyu, ga wuta ba tabbas, don haka ni da ruwan randa nake yi. Ina sa ɓeran a leda biyu, in matse iskar, in ƙulle baki sosai don kada ruwa ya shiga. Ina da wata tsohuwar roba ja da ba a komai da ita sai wannan. In cika ta da ruwan randa, in jefa ledar, in danne da dutse domin tasowa take yi. Duk rabin awa in zubar in sake sabo, saboda ɓeran na mayar da ruwan kamar na ƙanƙara, narkewar sai ta tsaya. Ƙaramin kusu mai giram 30, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi. Babba mai giram 120 zuwa 150, irin wanda Gammo ke ci yanzu, yakan ci mini awa 3, wani lokaci 4. In na jiƙa bayan la'asar, kafin isha'i an gama.

Na ce ruwan randa da gangan. Ruwan baƙin tankin da ke bisa rufi, da azahar a watan Afrilu, ko wanka ba ka iya yi da shi sai ka sirka. Wannan ba ruwan sanyi ba ne.

Kuma kada zafin garinmu ya ruɗe ka ka ce bari in shanya shi a rana minti kaɗan. A bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, fatar ɓeran za ta yi zafi, hanjin ya fara ruɓa, ƙudaje su taru, alhali tsakiyarsa na nan daram kamar dutse. Tafasasshen ruwa ma haka: ya dafa waje, fatar ciki ta yi rauni, macijin na matsawa sai cikin ya fashe. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef kuwa, wani wuri ta ƙona, wani ta bari da ƙanƙara, ta kuma ɓata maka na'urar da iyali ke amfani da ita.

Ban koyi wannan a littafi ba. Shekarata ta farko, na dawo daga kasuwa a makare, na manta ban jiƙa ba. Sai na tsiyaya ruwan fulas a kan ledar, minti 15, na taɓa na ji ɗumi, na miƙa mata. Ta cafke ta haɗiye, na ce alhamdu lillahi. Kwana 2 bayan nan na buɗe zaure da asuba, wani wari ya doke ni har sai da na ja baya. Ta amayar da shi, rabi a narke, duk majina. Maciji ba ya yin zafin jikinsa da kansa kamar ni da kai, daga waje yake samu. Ka cusa masa ƙanƙara a ciki, ka kashe wutar da zai dafa abincin da ita, sai ya ruɓe kafin ya narke. Sati 2 cur ban sake ba ta komai ba don cikinta ya huta, sannan na fara da ɗan ƙarami. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Tun ranar ba na yarda da ɗumin fata.

Ga gwajin da nake yi, ledar na jikinsa, ko da safar hannu. In kama cikin tsakanin babban yatsa da manuni, in matsa a hankali. Ya kamata ya lotsa ko'ina kamar nunannen gwanda, babu wani ƙullutu mai tauri. Daga nan ƙirji, sai cinyoyi, sai kai, don nan sanyi ke laɓewa. Ƙafafu su lanƙwasu ba gardama. Abu na ƙarshe, in riƙe cikin ban saki ba, in ƙirga goma. In akwai sauran ƙanƙara, za ka ji sanyin na tasowa daga ciki yana ratsa yatsunka. Ka ji haka, mayar da shi ruwa.

Sai ya ci wannan jarrabawa sannan a zo ɗumamawa. Ina sirka ruwan fulas da na randa har ya kai digiri 40 zuwa 45. In ba ka da ma'aunin zafi, tsoma wuyan hannunka: ya zama ruwan da za ka iya barin hannu a ciki ba ka zabura ba. Ledar ta yi minti 10 zuwa 15 a ciki. Abin da ake nema shi ne jikin ɓeran ya kai kusan digiri 37, zafin mai rai. Dubi leɓen mesa na sama, za ka ga wasu 'yan ramuka a jere. Da su take jin zafin abin farauta ko cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta kamar tsumma ne, sai ta shinshina da harshe ta juya. Ni a ƙarshe ina tsoma kan kaɗai a ruwan da ya ɗan fi zafi na rabin minti, don kan ya fi ko'ina ɗumi ta kama ta can. Ta kai haɗiya ta fi sauƙi, ƙafafu na kwantawa baya. In ruwa ya shiga ledar gashin ya jiƙe, tsane shi da tsumma, in ba haka ba duk dusar katakon da ke shimfiɗe za ta manne masa ta haɗiye tare.

Da dare nake ba ta, don dabbar dare ce. In wanke hannu da sabulu tukuna, saboda hannu mai ɗumi mai warin ɓera, a wurinta ɓera ne. Ina da dogon hantsaki, tsawonsa kamar santimita 30. Ba ta wutsiya nake kamawa ba, ta fatar baya nake riƙewa don ya tsaya kamar mai tafiya. In kai shi ɗan nesa da bakin maɓoyarta, in ɗan girgiza kaɗan. Kada ka buga mata shi a fuska, tsorata za ta yi ta naɗe, shi ke nan an tashi. Za ka ga harshe na fita da sauri, wuya ya lanƙwashe, sai kawai ka ji caraf, ta nannaɗe shi. In ɗan ja sau biyu don ta ƙara matsewa, in saki, in rufe, in kashe fitila. Kwana 2 ba mai ɗaukar ta, ko ƙanena da ke son nuna wa abokansa.

Robar da hantsakin a bayan gida nake wanke su, ba wurin wanke-wanke ba, da sabulu da ruwan Hypo. Ruwan jiƙon masai yake tafiya. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa zuwa kusa.

Wata rana duk ka yi daidai ta ƙi ci. Sai in ajiye shi a bakin maɓoya in fita, in ba ta awa 2. A ƙasashen sanyi wasu na bari ya kwana, a Sakkwato kafin asuba ya kumbura. In ba ta taɓa ba, rami mai zurfi, kada kyanwa ta tono. Ba a mayar da shi firiza, ƙwayoyin cutar da suka farka sun riga sun hayayyafa. Sai in duba idanunta: in sun yi hazo, fatar ta dushe, saɓa za ta yi, a jira ta tuɓe. In kuma hunturu ne, wannan halinsu ne. Bara tun Disamba ta rufe baki, ba ta sake karɓa ba sai ƙarshen Fabrairu da iska ta fara ɗumi. Na yi asarar manya guda 3 kafin in yi hankali. Yanzu in buji ya taso, duk wata nake ɗora ta a sikeli, in dai nauyin bai faɗi sosai ba, sai bayan sati 3 nake gwada ta, kuma da ɗan ƙaramin kusu mai giram 30.