Yadda nake nuna wa ɗalibaina a Damagaram illar malalar mai a teku

Yaranmu ba su taɓa ganin teku ba, amma man da ake haƙowa a Agadem, a gabashin Nijar, yana bin bututu kusan kilomita 2000 har Seme, a Benin, inda jiragen dakon mai ke loda shi.

Malama, ki cika daro da ruwa, ki ɗiga baƙin mai cokali guda. Ki tsoma gashin kaza, su ga yadda yake danƙarewa. Haka tsuntsayen gaɓa ke mutuwa.

Sannan ki zuba mai a ƙaramin gwangwani, ki sa shi cikin babba, ki huda na wajen kawai. Ko ɗigo ba zai fita ba. Jirgi mai bango biyu ke nan, wanda MARPOL, yarjejeniyar duniya ta hana jiragen ruwa gurɓata teku, ta wajabta wa jiragen dakon mai. Nan nake daɗewa, don nan suke ganewa.

Ruwan daron kuwa, kada a zuba shi a kwata.