Yadda za ku zaga Firag ku biyu ba tare da gajiya ta haɗa ku faɗa ba

Ranar farko da muka fita yawo a Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, ni da maigida mun koma masauki ba ma ga maciji da juna. Shi ya jera wurare tara a takarda, wai duk a yini ɗaya za mu gama su. Ni kuma na sa takalmi mai tsini saboda hoto, alhali titunan tsohon garin da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su. Kafin la'asar ƙafata ta yi bororo, kowa ya kumbura fuska. Don haka ku taho da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, kuma tun a ɗaki ku tsai da magana: babban wuri ɗaya a yini, saura kuwa abin da hanya ta kawo.

Ku sayi tikitin awa 72 kuna sauka. Da shi za ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da tiram, wato jirgin da ke bin layin dogo a tsakiyar titi. Idan na takarda ne, a zura shi sau ɗaya a ƴar na'ura mai ruwan ɗorawa ta buga masa lokaci, domin masu duba tikiti ba sa jin “ban sani ba”, tara kawai suke yanka wa mutum. Kuɗin ƙasar koruna ne, ba yuro ba. Kafin ku miƙa wa mai canji ko sisi, ku sa ya nuna muku a rubuce nawa zai ba ku, kuma ku riƙe rasit, don doka ta ba ku awa 3 ku fasa cinikin idan bai wuce yuro 1,000 ba. Mai tare ku a titi yana cewa zai yi muku canji, ku wuce abinku.

Gadar Sarki Karel na 4, wadda za ku ga an rubuta Karlův most a alluna, da asuba ake zuwa mata. An aza harsashinta a 1357, tsawonta ya ɗan haura mita 500 a kan kogin Vltava, da mutum-mutumi 30 jere dama da hagu. Da rana ko wurin tsayawa sai an yi da gaske, ga masu zane, ga makaɗa, ga ayarin baƙi kowane da jagoransa ya ɗaga lema. Mu a watan Satumba muka je. Muna idar da sallah muka fito, sanyi na ratsa mayafina, hazo kwance a kan ruwa, fitilun gadar ba a ma kashe su ba. In ban da wani tsoho da karensa da wata amarya da ake ɗauka hoto tana rawar ɗari, babu kowa. Muka tsaya wajen mutum-mutumin Jan Nepomuk, limamin cocin da aka jefa kogin daga gadar a 1393, inda hannun jama'a ya goge tagullar har tana ƙyalli. Nan maigida ya ninke takardarsa ya tura aljihu, ban sake ganinta ba.

Fadar Firag a kan tudu take, kada ku hau da ƙafa. Ku shiga tiram mai lamba 22 ku sauka a Pražský hrad, sai ya zama duk yawon yinin gangara ce. Shiga harabar kyauta ne, gine-ginen ciki ne ke da tikiti. Cocin Vitus kaɗai ya isa kallo: an fara gina shi a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Da ƙarfe 12 na rana masu gadin fadar ke yin canjin aiki da bushe-bushe. In kun gama, ku biyo titin Nerudova a hankali zuwa unguwar Malá Strana, ku nemi benci a tsibirin Kampa bakin ruwa.

Agogon dandalin tsohon gari na 1410 kuwa, ku gan shi sau ɗaya ya wadatar. Kowace awa daga safe zuwa dare, siffar ƙwarangwal da ke jikin agogon ta kaɗa ƙararrawa, siffofin almajiran Annabi Isa 12 su gifta ta taga, zakara ya yi cara, ko minti ɗaya ba a cikawa. Maigida ya dube ni ya ce, “Shi ke nan?” Yayin da kowa ya ɗaga kai sama ne masu yankan aljihu ke cin kasuwarsu, saboda haka ɗaya ya yi hoto, ɗaya ya rungume jaka. Haka ma a cikin tiram 22.

Abinci sai an lura, naman alade ya yi yawa a girkinsu, har da kitsensa ake suya. Ku haddace vepřové, shi ne naman alade, da sádlo, kitsen. Soyayyen cuku da suke kira smažený sýr da kifi suka rufa mana asiri, sai shagunan kebab na Turkawa da Larabawa, inda muke tambaya kafin mu ci. Kada ku zauna a gidajen abincin da ke kan dandalin, ku shige lungu biyu ko uku farashi zai sauko. Ruwan sha ma saye ake yi, bayi kuma na kuɗi ne, a riƙa ajiye ƴan tsaba. In a watan Yuni za ku je, magariba tana wuce ƙarfe 9 na dare, ku tsara sallarku da cin abincinku a kan haka.

Yammacin ƙarshe ku bar shi babu shiri. Hasumiyar Petřín ta 1891 matakala 299 gare ta, na dube ta daga ƙasa na ce a kai kasuwa. Lambun Letná muka hau, inda ake hango gadoji jere a kan kogin, muka roƙi wasu ma'aurata su ɗauke mu, don duk hotunan da maigida ya yi mini a kwana ukun nan, ko dai ya yanke mini ƙafa ko ya yanke kan hasumiya.