Yadda za ku tsare sabar Mastodon ta 'yan zango daga masu cin zarafi

Idan ƙungiyarku ta matasa a Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, ko ta tsofaffin ɗaliban wata makaranta a Sabon Zango, ta yanke shawarar buɗe sabarta ta Mastodon, wato nata reshen wannan dandalin sada zumunta a kan kwamfutar da ita ke riƙe da ita, ku fara sa wa ranku cewa babu kowa a samanku. A Facebook akwai kamfanin da ake kai wa kuka, ko da ba ya amsawa da wuri. A nan babu. Eugen Rochko ya fitar da Mastodon a 2016, kuma dubban sabobi ne ke musayar rubutu ta hanyar ƙa'idar ActivityPub, wadda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar a Janairun 2018. Kowace saba da mai ita da dokokinta. Tamkar unguwa ce mai gidaje da yawa: kana da iko da ƙofar gidanka, amma ba ka da iko da abin da ake faɗa a zauren maƙwabci. Wanda ya zagi mambarku daga wata sabar ba za ku iya goge asusunsa ba, iyakarku ku hana muryarsa shigowa wurinku.

Ku fara da rajista. Hanyoyi uku ne: a buɗe ga kowa, sai an tantance, ko sai da gayyata. Ku zaɓi tantancewa, ku kuma tilasta wa mai nema ya rubuta dalilin son shiga, da Hausa ko da Turancin da ake yi a gari. Na'urorin da ke buɗe asusun bogi ba kasafai suke iya amsa tambaya ba, irin "wace unguwa kake, wa ya gaya maka labarin wurin nan?" A Fabrairun 2024 an yi ambaliyar saƙonnin banza, kuma ƙananan sabobin da suka bar rajista a buɗe babu mai gadi aka bi aka yi ɓarnar. Tun daga lokacin, manhajar kan koma tantancewa da kanta idan mako guda ya wuce babu mai kulan da ya leƙo. Kada ku dogara da wannan, domin mako guda ya isa wasu sabobi su toshe ku.

Dokoki su zama gajeru, biyar zuwa bakwai, kowace ta ambaci aikin da aka hana. "A yi ladabi" ba doka ba ce, babu wanda za a iya kamawa da ita. A rubuta ƙarara: ba a wallafa lambar waya, hoton gida ko wurin aikin wani ba da izininsa ba, ba a kafirta mutum ko zagin malaminsa, ba gorin ƙabila ko asali, ba a tara mutane su yi wa mutum ɗaya ca, wanda aka ce ya daina yi wa wata magana, ya daina. Mai kai ƙara yana zaɓar dokar da aka karya daga cikin jerin, don haka doka mai kaifi tana rage musu daga baya.

Wurin da sabobin al'umma irin tamu suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen masu kula. A zango kowa ya san kowa. Wanda aka kai ƙararsa yana iya zama ɗan yayar admin, ko abokin zamansa a bes ɗin shayi a Mamobi. Ku naɗa aƙalla mutum uku, kada su fito daga gida ɗaya, ɗariƙa ɗaya ko jam'iyya ɗaya, kuma lallai a sami mace a cikinsu, domin akwai saƙon da mace ba za ta nuna wa namijin unguwarsu ba ko da wuƙa a wuya. Ku rubuta tun farko cewa wanda ƙara ta shafi ɗan'uwansa ko abokin gabarsa ya janye hannu. Su kasance masu jin Hausa da Tuwi, da Ga in an samu, saboda habaici ba ya ɗauke da kalmar zagi, kuma tacewar kalmomi ba ta kama shi. Kowannensu ya kunna tabbaci mai mataki biyu, wato sai an ƙara wata shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga asusu. Su kuma san cewa suna ganin imel da adireshin intanet na mambobi, wanda ke ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, wato Doka ta 843. Wanda ya fitar da sunan mai ƙara zuwa majalisar hira a cire shi a ranar, babu sai an zauna.

Idan ƙara ta shigo, a karanta zaren gaba ɗaya, ba rubutun da aka tura kaɗai ba. A lura da wata dabara: mai cin zarafi kan sa amsarsa a matakin "mabiya kawai", sai ya zama shi da mutanensa da wadda ake zagi ne kawai ke gani. Ita tana kuka, sauran jama'a ba su ga komai ba, har a ce ta cika ƙorafi. Masu kula ma ba za su gani ba sai ta haɗa waɗannan rubuce-rubucen cikin ƙarar, saboda haka ku koya wa mambobi su riƙa zaɓar duk rubutun da ya shafi maganar.

Ga ɗan gida, hukunci hawa-hawa ne. Gargaɗi yana shiga tarihin asusu. Taƙaitawa tana ɓoye shi daga idon jama'a, sai mabiyansa kaɗai. Daskarewa tana hana shi amfani da asusun amma rubutunsa na nan, kuma ita ta fi dacewa idan ana bincike ko ana zargin an sace asusu. Dakatarwa ita ce kora: bayanan suna nan kwana 30 ana iya dawo da su, bayan haka sun tafi. Wanda aka hukunta yana da kwana 20 ya ɗaukaka ƙara, kuma wani mai kula daban ya duba, ba wanda ya yanke ba. Ƙara ta yau da kullum a amsa cikin sa'o'i 24. Barazanar duka ko fitar da hoto kuwa a daskare asusun nan take, a yi shawara daga baya. A ƙara yawan masu gadi a daren azumi tsakanin tarawihi da sahur, da makonnin zaɓe, lokacin da 'yan jam'iyyun NDC da NPP ke kwana a kan waya.

Baƙon da ke wata saba kuwa, kuna iya taƙaita shi ko dakatar da shi, amma a wurinku kaɗai suke aiki. A fom ɗin ƙara akwai zaɓin tura kwafi zuwa sabar da yake. A nan ake yin kuskure mai tsada. Kwafin ba ya ɗauke da sunan mai ƙara, gaskiya ne, amma bayanin da ta rubuta yana tafiya tare da shi, kuma idan saƙon da aka kai ƙararsa ita kaɗai aka aika wa, an gane ta ke nan. Akwai sabobin da mutum ɗaya ne a ciki, shi ne admin, shi ne mai zagin. Kafin a tura, a buɗe shafin sabar a duba: tana da dokoki a rubuce? Mutum nawa ne a ciki? Me admin ɗin kansa yake wallafawa? In abin bai kwanta muku ba, kada a tura.

Toshe saba baki ɗaya sai an yi wa mai ita magana ya yi biris, ko kuma an ga dama don cin mutunci aka kafa ta, kamar yadda sabobi da yawa suka toshe Gab, wani dandalin Amurka da ya yi suna da kalaman ƙiyayya, lokacin da ta koma amfani da manhajar Mastodon a 2019. Taƙaita saba ba ya raba mabiya, ana kuma iya janyewa. Dakatar da ita yana yanke duk alaƙar bi tsakanin mutanenku da nasu, kuma ko an ɗage toshewar daga baya ba ta dawowa da kanta. Ɗan'uwanmu da ke Jamus ko Amurka yana iya kasancewa a can ba tare da laifin komai ba. In ba gaggawa, a ba mambobi sanarwar kwana uku. Jerin sabobin da wasu suka toshe, da abin da ake yaɗawa ƙarƙashin #FediBlock, maudu'in da ake sanar da sabobin da ake so a toshe, abin dubawa ne, ba na kwafa ido rufe ba. Wani lokaci rigimar admin biyu ce kawai ta sa suna a ciki.

Mai riƙe da sabar ya sa AUTHORIZED_FETCH=true a fayil ɗin saiti ya sake tayar da manhajar, don sabar da aka toshe ta kasa ɗebo rubutunku ta bayan fage. Wannan ba ya hana mutum buɗe shafin jama'a a burauza ya ɗauki hoton allo. Haka gogewa: roƙo ne kawai ake aika wa sauran sabobi, marar mutunci tana iya ƙin bi. Saƙon sirri ma ba a kulle yake ba, masu riƙe da sabobin biyu na iya karantawa. A faɗa wa mambobi wannan tun ranar shigarsu. Wadda aka taso a gaba ta kulle asusunta sai ta amince a bi ta, ta kuma kunna tacewar sanarwa da ta zo a sigar 4.3 a Oktoban 2024, wadda ke ware saƙonnin asusun da bai kai kwana 30 ba da na waɗanda ba ta bi.

Akwai abin da ya wuce sasancin manyan unguwa. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, Doka ta 1038, ta haramta yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, da yi masa barazana da shi don neman kuɗi ko lalata. Kafin a dakatar da asusu, a adana adireshin rubutun, cikakken sunan asusun haɗe da sunan sabarsa, rana da lokaci, da lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da ya nemi a tura kuɗi. Kada a biya, wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. A kira ko a aika saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet, ko a je sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida, idan miji ne, tsohon saurayi ko ɗan gida.

Idan hoton na yaro ne, kada a ɗauki hoton allo, kada a tura wa sauran masu kula "su gani". A rubuta adireshin kawai, a kai rahoto, a dakatar da sabar da ya fito. Sabarku tana ajiye kwafin hotunan da suka shigo daga waje a kan faifanta, don haka a saita ta riƙa share su duk kwana 7, ko a sa umarnin tootctl media remove ya riƙa gudana kowane dare.