Kurakuran da ke cinye hotuna da kayan wasa a wurin baje koli

Na gaji da shiga ƙananan baje koli ina tarar da ɓarna iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi magana ko wani zai tsira da kayansa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne haske, don ni ma ya ci ni. A baje kolina na farko na samu zaure mai manyan tagogi, na yi ta murna wai ga haske kyauta, ba sai na nemi fitila ba. Na jera hotuna a bangon da ke kallon taga, na ajiye teburin 'yan tsana da ƙananan motoci a ƙarƙashinsu. Aka yi makonni ana kallo. Ranar da na zare wani hoto daga firem sai gabana ya faɗi: gefen da kwali ya rufe yana nan da launinsa raɗau, tsakiya kuwa ta koɗe kamar tsohon zane. Wani farin jirgin LEGO ma, irin abin wasan da ake harhaɗawa da 'yan tubalan roba, ya soma ɗaukar rawaya ta ɓangaren da rana ke dukansa. Launin da rana ta sha ba ya dawowa, ko kukan jini za ka yi. Ba banza ba gidajen tarihi ke tsayar da haske a wajen lux 50 (lux ma'aunin haske ne) kan kayan da ba su jure shi ba, abin da kai za ka ce duhu ne. Ni yanzu kafin in buga ƙusa ko ɗaya sai na sa labule mai kauri, kuma fitilar LED kaɗai nake yarda da ita. Kwan halojin zafi gare shi, robar PVC kuwa, wadda ake ƙera kayan wasa da yawa da ita, idan ta sha zafi sai ta fara tsatso wani maiƙo mai danƙo, ƙura ta manne mata.

Sai masu salatif. Don Allah wa ya koya muku? Mutum ya sha wahala ya ɗauki hoto, ya buga shi a takarda mai kyau, sannan ya lafta masa salatif a kusurwa huɗu. Gam ɗin nan ratsa takarda yake yi, ya bar tabo ruwan ƙasa, in ka zo ɓarewa ya taho da fuskar hoton. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne haɗa hoto da gilashi fuska da fuska. Laima kaɗan ta shiga, shi ke nan sun manne. Na taɓa asarar hoton da ba ni da kwafinsa ta haka, har yau ba na son tuna shi. A sa kwali mai taga a tsakani, irin wanda ba shi da asid, a riƙe hoton da 'yan aljihunan kusurwa. Wasu na cewa akwai salatif na musamman da ba ya ɓarna. Su je su yi, ni dai na yafe.

Sauran ƙanana ne. Kada a rataye hoto can sama sai mai kallo ya ɗaga wuya. Tsakiyarsa ta tsaya wajen santimita 145 daga ƙasa. A cire batir daga duk abin wasan da zai kwana a kan tebur, don idan ya zubo sai ya cinye ƙarfen ciki. Kwalin da abin wasa ya zo a ciki kada a yar, wajen masu tarawa shi ma dukiya ne. A rubuta sunan mai hoto da shekara a ɗan kati, ba kowa ne zai tsaya tambaya ba.

Kuma abin wasa sunansa abin wasa, hannu sai ya kai gare shi, na yara da na manya. Masu daraja a sa su cikin akwatin gilashi mai makulli. Ni nakan ware ɗan kwando na motoci marasa tsada a bakin ƙofa, wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya taɓa waɗannan, sannan kowane dare in ƙirga na cikin akwati da takardar lissafi a hannuna kafin in kashe fitila.