Honda CD175 mai mutuwa in ya yi zafi

Masu tsohon mashin irin mai kwantak (bakunan ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta), ga yadda nawa ya warke. Honda CD175 ne na baffana, na warware shi a zauren gidanmu a Tudun Wadar Zariya na wanke tsatsar tanki, na sa masa jan fenti, aka ɗinka sabon sit, da sanyin safiya kik ɗaya yake tashi amma kafin in kai Kwangila sai ya fara tari yana harbi ta salansa ya mutu, sai ya huce tukuna.

Kowa kafireta yake cewa, na wanke ta tas, na canza fulogi, shiru.

Da daddare na buɗe murfin kwantak ina tayar da shi, sai ga tartsatsi shuɗi bal-bal tsakanin bakunan, fuskarsu duk ta ƙone ta yi rami. Kondensa ce ta gaji, wato 'yar na'urar da ke hana tartsatsi a bakunan kwantak, in ta ɗau zafi sai wutar ta tsaya tana cin kwantak maimakon ta isa fulogi da ƙarfi. Na samo wata a Sabon Gari, na goge bakunan da samfefa mai laushi, na sa gap (tazarar bakunan) 0.35mm, na daidaita taimin (lokacin ba da wuta) a alamar F ta injin. Ku tuna batirinsa 6V ne, kar a ɗaura muku na Jincheng.

Jiya har Samaru na je na dawo bai yi tari ba.